Maruƙan da Mainasara Bai Ƙirga Ba

A zamanin Turawa, kafin a yi gada ko a tare gulbin Rima da madatsa, duk wanda ya fito ta wajen Wurno ko Rabah da damina yana son ƙetarewa zuwa ƙauyukan hayi na wajen Goronyo, yakan bi ta wani wuri da ake kira Mashigin Giyayya. Jirgi ɗaya ne a wurin, na gungumen maɗaci, mai fito kuma ɗaya. Sai wani dattijo da ba ya tuƙi, ba ya sayar da kome, yana dai zaune a gindin giyayyar da ta ba wurin suna, hannunsa na dama a naɗe cikin riga. Sunansa Mainasara. Aikinsa shi ne ya gaya wa matafiyi yaushe zai ƙetare.

Cikin Sarkawa aka haife shi, a wani ɗan ƙauyen masunta da ke bayan mashigin. Ubansa mai fito ne, shi ma ya tashi da filafilin tuƙa jirgi a hannu, ya yi shekaru yana kai mutane yana dawowa. A shekarar da ma'aikatan hanya suka zo da gangunan ƙarfe za a kai hayi, jirgin ya karkace a tsakiyar ruwa, ganga ta mirgino ta danne masa kafaɗa. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma hannun bai sake ɗaguwa sama da ƙirji ba. Jirgi ya koma hannun Yari, ɗan wansa. Matarsa Laraba ta rasu a shekarar sanƙarau, 'ya'yan da suka haifa kuwa babu wanda ya kai yaye. Daga nan ya koma gindin giyayya, tun da ba shi da wani wurin da ya sani.

Yari mutum ne mai fara'a da yawan magana. Duk wanda ya tambaye shi yaushe za a kai gare shi, amsa ɗaya ce: "Yanzu-yanzu." Mutane sun san yanzun Yari tana iya kaiwa gobe, saboda haka suka koma tambayar Mainasara.

Shi ba ya cewa yanzu. Yakan ɗaga kai ya dubi abu uku. Na farko ruwa: idan gulbi ya kwanta, zuwa da dawowar jirgi bai wuce dakan fura ba, idan ya kawo, sai Yari ya hau da jirgin can sama ta gefen gaɓa kafin ya sako shi, tafiya ɗaya ta kai dahuwar wake. Na biyu kayan da ke gaba, kuma ba kawunan mutane yake ƙirgawa ba, cikin jirgi yake ƙirgawa, wato abin da jirgin zai ɗauka a tafiya guda. Mata masu tallan tabarma da yawa suna shiga ciki ɗaya, jaki kuwa da mai shi da mangalarsa sun cinye ciki. Na uku shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba, wato ko kayan iri ɗaya ne ko gauraye. Yakan ce ciki goma na buhunan gero sun fi saurin wucewa bisa ciki shida da jakai a tsakani, domin buhu ba ya turjewa a bakin ruwa. Jaki ɗaya mai gardama yana iya tsayar da kowa. Don haka kullum yana ƙara wani abu a kan lissafinsa, abin da yake kira kason jaki.

Akwai kuma abin da ya lura da shi tun yana tuƙi. Muddin jirgi yana samun ɗan hutu a gaɓa kafin wasu su iso, jira ba ya tsawo, ko da mutane sun zo da yawa a yinin. Amma ranar da jirgi bai huta ba, ya sauke ya ɗauka, ya sauke ya ɗauka, to ƙarin mutum biyu ko uku ya isa ya kai jiran hantsi zuwa la'asar. Ran kasuwar Wurno haka take, domin mutane ba sa zuwa ɗai-ɗai, ayari-ayari suke zuwa. A irin wannan rana ba ya yanke lokaci guda, sai ya ce tsakanin azahar da la'asar, kusa da la'asar ya fi. Yana kuskure, amma kuskurensa ƙanƙane ne, mutum yana iya dogara da shi ya shiga ƙauye ya yi salla, ya ci abinci, ya dawo ya tarar da wurinsa.

Wurin kuwa da sanda ake kama shi. Duk wanda ya iso sai ya ajiye sandarsa ko takalminsa a sahu, daga bakin ruwa zuwa gindin itacen, ya nemi inuwa. Abu uku kaɗai ke tsallake sahu: gawa, da mai naƙuda, da Bature ko masinjansa. Na ukun ba don ana so ba. Mainasara ne mai tsaron wannan sahu, kuma ba a taɓa jin ya gusar da sandar wani ba, ko ta ɗan hakimi ce ke baya.

Abin da ya mallaka ke nan a duniya, maganarsa da wannan sahu. Masu tallan fura sukan zuba masa a ludayi, Yari yakan aika masa da tuwo da dare. Mutane da yawa suna yi masa magana kullum, amma tambaya ɗaya suke yi, da ya amsa sai su juya. Waɗanda suka daɗe suna bin mashigin ma ba duka suka san sunansa ba. Tsohon giyayya suke ce masa.

Ranar da har yanzu jikokin masunta ke ba da labarinta ta zo ne a tsakiyar marka, gulbi ya cika har ya taɓa saiwar itacen. Da sassafe wasu Fulani suka iso da garke, mazansu da matansu da ƙoransu, suka ajiye sanda a sahu bayan wasu fatake. Babbansu wani dogo ne mai suna Mode. Ba lokacin ƙetarewar shanu ba ne, amma lokacin jangali ne, kowa kuma ya san abin da ke sa makiyayi ya bar ƙasa ya koma wata a tsakiyar damina.

Mainasara ya miƙe ya zagaya kamar yadda ya saba, yana nuna kaya da yatsan hagu, leɓɓansa suna motsi. Shanu ba su dame shi ba, tun da su iyo suke yi. Mata da ƙore da turame da 'yan tumaki yake dubawa. Ya ga Mode yana kallonsa, sai ya tambaye shi.

"Ardo, akwai maruƙa?"

Mode ya kawar da kai. "'Yan kaɗan," ya ce.

Mainasara ya duba, ya ga biyu ko uku a maƙale da iyayensu. Ya ba Fulanin ciki uku a ransa, ya koma ya zauna.

Da hantsi wata mata ta iso ita kaɗai, ƙafafunta duk taɓo, da ɗan ƙunshi a ka. Za ta yi shekara arba'in. Ta ajiye takalminta a ƙarshen sahu, bayan wani mai jakai da ake kira Attahiru, ta nufo gindin giyayya ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, an ce kai aka tambaya. Ni Tani, daga Rara nih hito tun asuba. Tsohuwata ta kwance can hayi, saƙon bai ishe ni ba sai jiya. An ce ba ta shan ko ruwa. Yaushe za ni ƙetare?"

Ta ƙara da cewa an gaya mata akwai wani mashigi can sama mai jirage biyu. Idan nan zai ja, gara ta kama hanya tun yanzu.

Mainasara ya san wancan mashigin. Kafin ta kai shi cikin wannan laka, la'asar ta yi. Ya dubi ruwa, ya dubi sahu: fatake, Fulani, Attahiru da jakansa biyu, sai ita. Ya ƙara kason jaki, ya ƙara kuma don gulbi ya kawo.

"Zamna, ɗiyata. Azahar, ko bayanta kaɗan. Kina can hayi kahin wanda yat tahi sama shi ga ruwa."

Ta zauna, ba can nesa inda mata ke zama ba, nan kusa da shi a kan saiwa. Ta kwance ƙunshinta ta fito da dawo, ta dama a ƙoƙonsa, ta miƙa masa kafin ta sha. Ta ba shi labarin tsohuwar, Inno sunanta, mai saƙar faifai ce, mai faɗa kuma, wadda ba ta taɓa yarda ta ce ba ta da lafiya ba. Rabonsu da juna tun kakar bara waccan. Sannan ta dube shi.

"Kai hwa, Baba, wa kaka da shi?"

Ya rasa ta inda zai fara, domin ya manta rabon da a tambaye shi haka. Ya ce akwai Yari. Sai kuma ya ji kansa yana ba ta labarin Laraba, yadda take tsoron ruwa duk da ta auri mai fito, ba ta taɓa shiga jirginsa ba sai sau ɗaya, ta rufe ido har hayi. Tani ta yi dariya. Shi ma ya yi.

Fatake suka ƙare kafin rana ta take tsaka. Yari ya dawo da jirgi ya daki gaɓa yana kira: "Ina Hulani? Ku zo a kai ku inda mai jangali bai san hanya ba."

Mode ya yi fito da baki. Daga cikin kurmin geza da ke bayan tudu sai ga samari suna fitowa, kowanne da maraƙi a kafaɗa ko a igiya. Suka ajiye suka koma, suka sake fitowa da wasu. Ƙanana ne, na wannan damina, wasu cibiyarsu ba ta bushe ba. Irin waɗannan ba sa iyo a cikakken gulbi. Sai an ɗaure ƙafafunsu an shimfiɗa su a jirgi, 'yan kaɗan a kowace tafiya, iyayensu su biyo su a ruwa suna kuka. Haka ake ƙetarewa da garke, Mainasara ya san wannan tun yana yaro. Abin da bai sani ba shi ne tun kafin gari ya waye aka ɓoye su, kuma ganin yatsansa yana nuni ya sa aka bar su a ɓoye.

Ya sake lissafi, ya sake. Jirgin ba zai huta ba, hannun Yari kuma zai yi sanyi tun kafin a kai rabi. Fulani ba za su ƙare ba sai rana ta yi ja, ga Attahiru da jakansa a baya. Yari kuwa ba ya shiga cikakken gulbi bayan magariba, ko uwarsa ce ke kira daga hayi. Wancan mashigin na sama ma ya riga ya kuɓuce mata.

Tani ba ta iya lissafinsa ba, amma ta iya duban fuska.

"Baba, kai kac ce in zamna," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba.

Ya miƙe ya tafi wurin Mode, wanda ke tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa yana riƙe da bakin jirgi.

"Ardo, ka ce mini 'yan kaɗan."

"To mi kaka so in ce? Tun sahe bakinka shina motsi bisa dabbobina. Mu ko namu ba mu ƙirgawa, Kaɗo. Mai ƙirga nagge biyu na, ko mai jangali ko mai mugun ido. Wane na kai ciki?"

"Ba ko ɗaya. Cikin jirgi nika ƙirgawa, in gaya ma mutane yaushe za su ƙetare."

"Wa ka biyan ka?"

"Babu."

Mode ya dubi Yari. Yari ya ce, "Gaskiya tai, Ardo. Bappana ko kaji yag gani sai ya ƙirga. Ciwo na, ba aiki ba."

Mainasara ya nuna Tani, ya faɗi abin da ke tafe da ita, ya ce a kan maganarsa ta zauna. Ya roƙi a ba ta gefen jirgi a tafiya ta gaba, maraƙi ɗaya ya jira. Tun da ya zauna a mashigin bai taɓa roƙon kowa wuri ba, kalmomin ma da ƙyar suka fito.

Mode ya yi ta murza igiya a hannu. Can ya ce, "Ta shiga. Amma kai ka koma gindin iccenka, ka ba gulbi baya. Kak ka waiwayo sai wutsiyar ƙarshe ta hita ruwa."

"Na yarda."

Ya je sahu ya sunkuya ya ɗauki takalmin Tani da hannunsa na hagu, ya wuce sandar Attahiru da shi. Attahiru yana kwance a inuwar jakinsa, sai ya tashi zaune.

"Tsoho, gawa ta?"

"A'a."

"Naƙuda taka yi?"

"A'a."

"To Baturiya ta ke nan, ba mu sani ba. Ni ma ina da tsohuwa, ka ji. Kowa nan yana da tsohuwa."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Mainasara ya miƙa wa Tani takalminta. Ta karɓa, ta ce Allah shi saka, ta gangara da sauri.

Ya koma ya zauna, fuskarsa tana duban gonakin dawa. Ya ji an ɗora maruƙa, ya ji Yari yana ce wa Tani ta rungume na kusa da ita kada ya yi tsalle, ya ji gindin jirgi ya goge yashi ya rabu da gaɓa. Sai kukan shanu da ƙarar ruwa. Bai ga ta ƙetare ba. Ya yi azahar a nan, ya yi la'asar, alƙibla ma ba ta sa ya dubi gulbi ba. Sai da rana ta kusa faɗuwa wani saurayin Fulani ya zo ya taɓa masa kafaɗa ya ce an ƙare. Attahiru da jakansa suka kwana a gaɓa.

Da Yari ya ɗaure jirgi, Mainasara ya tambaye shi.

"Ta sauka lahiya," in ji Yari. "Maraƙi ya ɓata mata zane. Ta kama hanya tana gudu-gudu."

"Ta ce wani abu?"

"Mi za ta ce, Bappa? Sauri takai."

Attahiru mutum ne mai bin kasuwanni, kafin damina ta fita labarin ya kai Wurno ya kai Rabah: tsohon giyayya ya ce azahar ta zama gobe, ya kuma gusar da takalmi don mace ta dama masa fura. Ba a kore shi ba, ba wanda ya zage shi a fuska. Sai dai sanduna suka fara tafiya da kansu idan masu su sun shiga ƙauye, in ya yi magana a ce masa shi ya fara. Mutane suka daina barin sahu, kowa ya zauna a kan kayansa cikin rana. Masu tambayarsa suka ragu, waɗanda suka tambaya ma sukan sake tambayar wani. Ya ci gaba da amsawa yadda ya saba, kuma daga ranar duk Bafulatanin da ya iso, sai ya sunkuyar da kai ya bar Yari ya yi magana da shi.

Tani ba ta dawo ta Mashigin Giyayya ba. Mai yiwuwa ta bi na sama, mai yiwuwa ta zauna can. Duk wanda ya sauko daga hayi sai Mainasara ya tare shi, abin da bai saba ba, ya tambaye shi ko ya san wata Inno mai saƙar faifai, mai 'ya a Rara. Da kaka wani mai tallan kifi ya ce ya san ta, ta rasu cikin marka. Wace rana? Bai sani ba. 'Yarta ta same ta da rai? Ya ce shi dai ya ji an yi rasuwa, bai je ba.

Daga nan Mainasara ya samu lissafin da ya riƙe shi sauran kwanakinsa. Ta sauka hayi bayan azahar. Daga gaɓa zuwa ƙauyen tsohuwar, mai ƙarfi yakan kai kafin la'asar sakaliya, amma hanyar fadama ce, kuma marka ce, sai ya ƙara. Tun asuba take tafe, ya ƙara. 'Ya ce mai zuwa wurin uwa, ya rage. Da ta bi ta sama fa, da bai tsayar da ita ba? Nan ma yakan auna, ya ga kusan ɗaya ne, wani lokaci ya ga ba ɗaya ba ne. Ɗaya gefen lissafin, wato yawan numfashin da ya rage wa tsohuwar a ranar, ba shi da abin da zai auna shi da shi. Yakan faɗa wa Yari sakamakon in ya samu sabo. Yari ya saurara da fari, daga baya ya riƙa cewa Allah ya jiƙan ta kawai, ya ci gaba da gyaran komarsa ta kamun kifi.

Mainasara ya rasu da rani, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. A lokacin gulbi ya janye, yara suna ratsa shi da ƙafa, jirgi yana kife a kan yashi, mashigin babu kowa. Yari ne ya je kai masa kunu da safe ya tarar ya cika. Masunta suka yi masa sutura, aka rufe shi kusa da Laraba kafin rana ta yi zafi.